Za mu ƙara wa kwatar layinmu zurfi, ko hakan zai hana ruwa shiga gidajenmu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina zaune a wani layi a Kurna, cikin Kano. Duk damina sai ruwa ya shigo mana har ɗaka. Bara katangar maƙwabcina ta faɗi cikin dare, Allah ya kiyaye ba kowa a kusa. Yanzu in hadari ya haɗo ba na iya barci. Mun yi karo-karo, wani magini ya ce a haƙa kwatar ta kai ƙirjin mutum, a rufe ta ruf da silab, shi ke nan an gama. Kafin mu ba shi kuɗin, me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya tsare gaba. Amma don Allah kada ku ba maginin nan ko sisi tukuna.

Maganar nan ta "a ƙara zurfi" ta ishe ni, don kusan duk unguwar da aka kira ni ita nake fara ji. Ruwa ba ruwansa da zurfin rami, gangara yake bi. In kun haƙa kwatarku ta fi babbar magudanar da za ta zuba a ciki zurfi, ta ina ruwan zai fita? Kun gina kududdufi ne a ƙofar gida da kuɗinku. Ruwan farko zai cika shi ya kwanta, na biyu ya zo ya tarar ba wuri, ya haura ya shiga ɗakin da kuke gudun ya shiga.

Mu yi lissafi. Ruwan sama milimita 1 a kan fili mai murabba'in mita 1 lita 1 ne. Rufin gida mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwa milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a Kano a watan Agusta, zai zubo da lita 5,000, wato duro 25. Gida ɗaya ke nan, ba a sa tsakar gidan da aka shafe da siminti ba, ba a sa abin da ke gangarowa daga layukan sama ba. Wane rami za ku haƙa ya haɗiye wannan?

Kuma ɓarnar ba a nan ta tsaya ba. Gidaje da yawa a unguwanninmu fandishonsu ba shi da zurfi. In aka haƙa rami a jikin katanga ya wuce tushenta, ruwa ya kwana a ciki, ƙasar da ke riƙe da ginin sai ta jiƙe ta saki. Za ka fara ganin tsaga ta taso daga ƙasa a karkace, filasta tana kumbura tana zubowa, ƙofa ta daina rufuwa daidai. Tun da katanga ta riga ta faɗi a layinku, wannan aikin shi zai ƙarasa sauran. Ga sauro, wanda mako ɗaya zuwa kwana 10 ya ishe shi daga ƙwai ya zama mai cizo. Ga yara. Ramin da ya kai ƙirjin babba ya shanye ɗan shekara biyar, kuma in titi ya cika da ruwa ba mai gane inda bakinsa yake. Rufe shi ruf kuma ya fi komai muni: yashi da leda za su taru a inda shebur ba ya kaiwa, ranar da ya toshe sai dai a fasa.

Abin da ke ba ni takaici, masu wannan shawara ba sa ko ɗaukar awo. Mutum ya tsaya ya kalli layi da ido ya yanke kuɗi. Har ayyukan da ake kawowa da sunan aikin mazaɓa na ga irinsu: kwata mai kyau, an zuba kankare, ta tafi ta tafi ta ƙare a jikin katangar wani.

Ku fara daga ƙarshe. Ranar da ake ruwa, ku sa mutum biyu su bi shi da ƙafa har inda yake zuba, ko babbar kwalbati ce, ko kududdufi, ko wata magudana da ke kaiwa kogin Jakara. Sau da yawa a can matsalar take, musamman yanzu da aka cike kududdufai da dama aka yi gini a kansu. In mafitar ta toshe ko an gine ta, duk abin da kuka yi a layinku asara ce, sai ku haɗa kai da mai unguwa da mutanen layukan ƙasa, ku kai maganar a rubuce ga KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, don ba ku da ikon fasa babbar magudana da kanku. Ku riƙe kwafin takardar, ku riƙa bibiya, kada ku zauna jiran a kira ku.

In mafita a buɗe take, sai a auna daga gindinta a hauro sama. Tiyon awo na magina, wanda ake cika wa ruwa, ya isa. A nemi gangarar kamar rabin mita a kowace mita 100, ta yadda ruwan zai tafi da yashinsa. In kwatar ta yi kaɗan, faɗi za a ƙara mata, a ja ta nesa da katanga gwargwadon yadda layi ya bari, a ɗaure gefenta da gindinta da kankare ko bulon da aka cika cikinsa.

Sannan ku duba ƙofar kowane gida. Kwata mai faɗi da aka matse ta da ɗan siririn bututu don mota ta shiga, girman bututun nan shi ne girmanta. A cire su, a sa silab gajeru waɗanda mutum biyu za su iya ɗagawa. Duk wanda ya haɗa sokawe ɗinsa da kwata a sa shi ya cire, don in ta tumbatsa wannan ƙazantar ce ke shiga rijiyoyi, daga nan sai kwalara.

Yashewa kuma a yi ta a watan Afrilu ko Mayu, a maimaita a tsakiyar damina. Abin da aka kwaso kada a jibge shi a bakin kwata, ruwan farko zai mayar da shi, a sa kuɗin kura ko tifa a cikin karo-karon tun yanzu.

Katangarka kuwa, in ka ga tsaga ko danshi ya hau ta, ka kwashe iyali daga ɗakin da ke jikinta tun yau, ka nemo injiniyan gini ya duba ta kafin a sa diga a ƙasa.