Amsa ga mai neman tallafin binciken feftayid daga Kano

Dakta, barka da dawowa gida, Allah ya sanya albarka a karatun. Ka ce ka kammala digiri na uku a kan feftayid, wato gajerun sarƙoƙin amino asid, masu kashe ƙwayoyin cuta, ka kama koyarwa a nan Kano, sashenku ba shi da injin haɗa feftayid, kana tambayar inda za ka samu kuɗin bincike da yadda ake shiga sahun matasan da ake karramawa a wannan fanni.

Ka fara da cire injin daga takardar neman tallafinka ta farko. Masu tantancewa in sun ga sabon malami na neman kuɗin inji, tambayar da ke zuwa musu ita ce wa zai gyara shi in ya tsaya, kuma da wace wuta zai yi aiki. Ba ka ma buƙatarsa yanzu. Hanyar ɗinka amino asid a jikin rezin, wato ƙananan ƙwayoyin roba da ake kafa sarƙar a kansu, da masani Bruce Merrifield ya wallafa a 1963, wadda ta kai shi ga kyautar Nobel a 1984, da hannu aka fara ta. Sarƙa mai amino asid 10 zuwa 20 tana haɗuwa sarai a cikin sirinji mai matata a gindi. Abin da zai ja hankalin mai tantancewa shi ne ya ga ka san lissafin aikin har ƙasa. A ma'aunin milimol 0.1, rezin Rink mai ɗaukar milimol 0.6 a kowane giram zai ci kusan miligiram 170. A jiƙa shi a DMF, ruwan sinadarin da ake aikin a cikinsa, rabin awa ya kumbura, a cire Fmoc, murfin da ke toshe bakin amino asid, da sinadarin fiferidin kashi 20 cikin 100 sau biyu, a zuba amino asid ninki 4 tare da HBTU da DIPEA, sinadaran da ke sa ɗinkin ya kama, na minti 45 zuwa 60, a duba ko ɗinkin ya kama da gwajin Kaiser kafin a wuce. A ƙarshe a yanko feftayid ɗin daga jikin rezin da haɗin asid ɗin TFA kashi 95, sinadarin TIS kashi 2.5, ruwa kashi 2.5 na awa 2 zuwa 3. Ka rubuta wannan lissafi ma a takardar: in kowane mataki ya ba da kashi 99, bayan matakai 20 za ka tsira da kusan kashi 82, in kuma 95 yake bayarwa, 36 kawai zai rage. Wanda ya ga wannan ya san dalilin da ka sa kuɗin maimaita ɗinki a wuraren da ke gardama.

Yanzu ga abin da Kano ke yi wa wannan aiki, wanda littattafan can ba sa faɗa. Sinadarin eta da ake zubo feftayid da shi yana tafasa ne a ƙasa da digiri 35, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi kan haura 40. Kwalbar da aka bari kan tebur da rana ta zama haɗarin gobara, kuma feftayid ba ya kwanciya da kyau sai etar ta yi sanyi ƙarara. Kada a saka ta a firjin gida, tartsatsin makunninsa ya isa ya tada wuta. A sanyaya abin da za a yi aiki da shi cikin ƙanƙara, da sassafe. DMF kuma in ya daɗe a zafi yana rikiɗa ya saki dayimetilamin, za ka ji ƙarni kamar na kifi in ka buɗe. Wannan sinadari yana cire Fmoc tun lokaci bai yi ba, sai amino asid ya shiga sau biyu a wuri ɗaya, kai kana zargin hannunka alhali ruwan ne ya lalace. Ka sayi ƙananan kwalabe, kada arhar babban duro ta ruɗe ka. Amino asid da aka ciro daga firiza a bar kwalbar a rufe har ta daidaita da zafin ɗaki, musamman da damina, don raɓa in ta sauka a kan garin ta gama da shi. Na'urar busarwa cikin sanyi tana son wuta ta kwana ɗaya zuwa biyu ba yankewa. In aka ɗauke wuta a tsakiya samfurin zai narke ya yi kumfa. Saboda haka inbata da batura su shiga kasafi, ka kuma bayyana dalilinsu da wannan misali, kada ka rubuta "wutar lantarki" kawai. Fiferidin yana cikin sinadaran da dokar duniya ke sa wa ido, shigo da shi sai da izinin NAFDAC, don haka ka ware watanni a jadawalin aiki, ko ka tsara da 4-metilfiferidin tun farko.

Inda takardu da yawa daga wajenmu ke faɗuwa shi ne shaidar abin da aka haɗa. Farin gari a gindin kwalba ba hujja ba ne. Dole a ga zanen HPLC, na'urar da ke rarrabe sinadarai ta nuna tsafta, a kan ginshiƙin C18, an karanta a nanomita 214 ko 220, tsafta ta kai kashi 95 in za a yi gwaji a kan ƙwayoyin halitta, sannan a ga nauyin ƙwayar daga na'urar MS ya dace da lissafi. In babu na'urar kusa da kai, ka samo wasiƙa daga ɗakin gwajin da ya amince zai auna maka, da farashin kowane samfur a rubuce. Tsohon malamin da ya duba digirinka shi ne ƙofa mafi sauƙi. Haka kuma ba abin kunya ba ne a tallafin farko ka sayi feftayid uku ko huɗu daga kamfani, ka zuba ƙarfinka a kan gwaji. Sai dai ka tuna garin da aka aiko maka ba duka feftayid ba ne, sau da yawa kashi 60 zuwa 80 ne, sauran gishirin TFA ne da danshi. In ba ka gyara lissafi ba duk alƙaluman MIC ɗinka, wato mafi ƙarancin adadin da ke hana ƙwayar cuta girma, sun karkace. Feftayid masu caji kuma suna manne wa faranti na folistairin, sai a ga kamar ba su da ƙarfi. A yi da na folifurofilin. A sa sanannun ƙwayoyi irin E. coli ATCC 25922 da S. aureus ATCC 29213 a gefen waɗanda aka samo daga asibiti, a kuma gwada ko feftayid ɗin na fasa jajayen ƙwayoyin jini. Wannan na ƙarshe yana buƙatar izinin kwamitin ɗa'a, irin na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma a nemi izinin kafin kuɗi su iso.

Tambayar binciken ita ce jarinka na gaskiya. Kada ka yi gasa da Amurka a kan magungunan rage ƙiba irin semaglutide. Ka ɗauki abin da ke hannunmu. Kububuwa ce ta fi kashe mutane da sara a yankin savannar Nijeriya, Jami'ar Bayero na da cibiyar binciken saran maciji, asibitin Kaltungo kuma sananne ne a wannan aiki. Dafin maciji cike yake da feftayid, kuma daga nazarin dafi aka samo captopril na hawan jini. Masu bincike a Singafo sun ciro feftayid daga yakuwa da ganyen zogale sun ba su suna, alhali mu muke noma su. Abin da ke yi min ciwo kenan, kuma shi ne dalilin da ya sa nake son takardarka ta tsaya a kan tsiro ɗaya ko dafi ɗaya, ƙwayar cuta ɗaya, tambaya ɗaya da za a iya amsawa cikin wata 12.

Batun kuɗi hawa-hawa ne. Matakin ƙasa shi ne tallafin bincike na cikin jami'a da TETFund ke bayarwa, wanda ake kira IBR, ta hannun kwamitin bincike na jami'arku. Kuɗin ba su da yawa, kuma kashi-kashi ake sakinsu, na ƙarshe sai ka miƙa rahoto, amma sun isa ka samu sakamakon farko. Babban asusun bincike na ƙasa na TETFund, wato NRF, galibi manyan malamai ke jagoranta, ka shiga a matsayin abokin bincike mai ɓangarensa a rubuce. A waje, ICGEB, cibiyar ƙasa da ƙasa ta fasahar ƙwayoyin halitta, wadda Nijeriya mamba ce a cikinta, tana da tallafin da ya kai Yuro 25,000 a shekara har shekara 3, da rukuni na musamman ga matasan da suka dawo gida daga waje; takarda tana bi ta hannun wakilin ƙasa ne, kuma kowace ƙasa tana da iyakar adadin da za ta tura, don haka wa'adin cikin gida shi ne naka. TWAS, kwalejin kimiyya ta ƙasashe masu tasowa da ke Trieste ta Italiya, tana da tallafin fara aiki ga sababbin jagororin bincike na Afirka. Ƙungiyar masana kimiyyar sinadarai ta Ingila, RSC, tana ba mambobinta ƙaramin tallafin kayan aiki, wanda ya isa sayen rezin da amino asid 20. Da yake da dala ake sayen kusan komai, ka karɓi farashi a rubuce daga masu kaya, ka haɗa da kuɗin jigila cikin sanyi da na kwastan, in ƙa'ida ta yarda ka bar rara saboda faɗuwar naira.

Lambar yabo kuwa tana bin aikin da aka san naka ne. Ƙungiyar feftayid ta Turai tana da kyautar Leonidas Zervas, ta Amurka kuma tana karrama masu tasowa a taronta, amma abin da suke dubawa shi ne maƙalun da ka jagoranta bayan ka bar hannun malaminka. Maƙala biyu da sunanka ne a matsayin wanda ake tuntuɓa, da adireshin Kano, sun fi goma da kake tsakiyar jerin sunaye. Kusa da gida akwai shirin matasa na Kwalejin Kimiyya ta Afirka da ke Nairobi, da Nigerian Young Academy. Yawancinsu suna yanke wa a shekara 40 ko wasu 'yan shekaru bayan digiri na uku, kuma kwasa-kwasai da aikin jarrabawa za su cinye maka wannan lokaci ba ka ankara ba. Ka roƙi shugaban sashe, cikin ladabi kuma a rubuce, ya bar maka kwana biyu a mako na ɗakin gwaji, domin masu ba da tallafi na waje suna neman wasiƙar da ta faɗi haka. Wanda zai tsayar da kai takara kuma ka ba shi wata guda, ka tura masa shafi ɗaya mai abubuwa uku da ka gano da kanka, da lambar shafin maƙalar da kowanne ya fito. In za ka aika samfurin dafi ko tsiro waje don aunawa, jami'a ta sa hannu a yarjejeniyar miƙa samfur kafin kwalin ya bar Kano, a rubuta a ciki wa ke da jerin amino asid ɗin da za a gano da kuma wa zai jagoranci maƙalar.