An cire min tsutsa a haƙori, ciwo ya tafi: in yi ciko ko in bar shi?

Tambaya: Likita, ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Gumel. Turmina na ƙasa ya yi kogo, na daɗe ba na barci. A kasuwa wani mai magani ya turara min hayaƙi, ya nuna min tsutsotsin da ya ce sun fito. Ciwon ya lafa, amma yanzu haƙorin ya yi duhu, ga wani ƙurji a dasashi yana fitar da mugunya. Hankalina ya tashi. A cike shi, ko a cire?

Amsa: Malam, Allah Ya ba ka lafiya. Ciko kaɗai ba zai yi maka ba a halin da kake ciki.

Da kogon bai yi zurfi ba, aikin mai sauƙi ne. Akwai farin cikon da ake kira gilas ayonoma, wanda ke sakin fulorayid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, a hankali, kuma ana iya sa shi da kayan hannu ko babu wutar lantarki. A Tanzaniya aka fara wannan dabara a shekarun 1980, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan cikon cikin jerin muhimman magunguna a 2021. Wani farin cikon, kwamfozit, ya fi kama da haƙori, amma yana son wuri a bushe ƙarau. Baƙin cikon amalgam yana jure tauna. Ana rage amfani da shi saboda sinadarin makuri, wato zaiba, da ke cikinsa, sai dai wanda nasa ke lafiya lau kada ya je a tone.

Sai maganar tsutsa, wadda ke ci min rai kullum. Babu tsutsa a cikin haƙori. Babu! Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna cin sukarin da ya maƙale, suna fitar da tsami mai narkar da haƙorin. Abin da aka nuna maka daga hannun mutumin ya fito, ko daga audugarsa. Shi kansa ya sani. Yana karɓar kuɗin geron talaka, ya naɗe tabarmarsa, gobe yana wata kasuwar.

Kuma ba kuɗin ne ya fi damuna ba, lokacin da ya cinye maka ne. Ciwon bai lafa don hayaƙi ba, jijiyar haƙorin ce ta mutu. Matacciyar jijiya ba ta zogi, amma tana ruɓewa, mugunyar ta sauka ƙashin muƙamuƙi ta nemi mafita. Ƙurjin nan mafitar ce. Ranar da ta toshe, kumburi kan bi ƙarƙashin harshe da wuya har ya danne numfashi. Haka ake kawo mana magidanta a bayan mota, baki ya ƙi buɗuwa, iyali suna cewa ai tuni an cire tsutsar. Wasu kafin su iso sun ɗiga ruwan batir a ramin, wasu sun danna asfirin a dasashi ya ƙone. Wasu kuma sai kafso daga kemis, a sha kwana biyu a ajiye. Kafso ba ya shiga matacciyar jijiya. Ya ku masu wannan sana'a, ku ji tsoron Allah, ran mutum kuke wasa da shi.

Zaɓinka biyu ne, kuma hoton haƙori ne zai raba gardama. Idan bangon haƙorin da saura, a wanke saiwar, a toshe ta, a sa masa hula don kada ya tsage. Ni na fi son wannan, domin ba na roba da ya kai naka. Idan ya ruɓe har ƙasan dasashi, ko kuɗi da zirga-zirga sun fi ƙarfinka, a cire a asibiti da allurar kashe zafi. Wannan ma magani ne sahihi.

Ka nufi sashen haƙori na asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko na Malam Aminu Kano, cikin makon nan. In fuska ta kumbura, ko zazzaɓi ya zo, ko haɗiyar yawu ta gagara, kada ka jira gari ya waye.