Bayan bugun zuciya: wane gwajin jini ya cancanci kuɗin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ya samu bugun zuciya, an kwantar da shi a Kano, yanzu mun dawo ƙauyenmu kusa da Ringim. Likita ya ce mu kawo sakamakon gwajin kitsen jini. A ɗakin gwaji sun ce akwai ƙarami, akwai babba mai tsada. Ga kuma mai magani ranar kasuwa yana cewa nasa na narkar da kitse. Gero muka sayar, kuɗin ba yawa. Ina ya kamata in sa su?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya yi maka albarka.

Ka biya ƙaramin. A takardar za ka ga sunaye da yawa, amma ka sa ido kan LDL. Shi ne kitsen da ke manne wa bangon jijiya kamar laka a magudanar ruwa, har wata rana ya fashe, jini ya daskare a wurin, hanya ta toshe. Ga wanda ya taɓa samun bugun zuciya, ana son LDL ɗinsa ya sauka ƙasa da 1.8 a ma'aunin mmol/L, likitocin zuciya na Turai ma tun 2019 suka ce ƙasa da 1.4. Idan ɗakin gwajin da ɗaya ma'aunin yake aiki, wato mg/dL, za ka ga 70 da 55 a madadinsu. Iya saukarsa, iya raguwar haɗarin bugu na biyu. Kada kalmar "normal" a gefen takarda ta ruɗe ka, wannan awon masu lafiya ne, ba na Baba ba.

Lokacin gwajin ma abin lura ne. Ana maimaita shi mako 4 zuwa 12 bayan fara magani, don a ga ko ƙwayar ta kama. Ka tambaya ko za a zo ba a karya ba. In haka ne, ku yi sammako, ruwa kawai zai sha.

Babban gwajin yakan haɗa da Lp(a), wani nau'in kitsen jini na daban. Gado ne, abinci ba ya sauya shi, sau ɗaya ake aunawa a rayuwa. Yana da amfani, amma zai iya jira sai likita ya nema.

Ragowar kuɗin, don Allah, ka kai su kan ƙwayar rage kitse da aka rubuta, atorvastatin ce ko rosuvastatin. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda dattawa ke ajiye ta da zarar sun fara iya zuwa gona, alhali kitsen nan ba ya ciwo balle a ji dawowarsa. Ka saya a kemis mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In tsokar jikinsa ta fara ciwo, ku koma wa likita, kada ku tsayar da ƙwayar da kanku.

Na kasuwa kuwa, ka bar shi. Ba ka san abin da ke cikin gorar ba, kuma Baba na shan masu tsinka jini.

Takardar ba ta faɗin komai. Hawan jini, suga, taba da ƙarfin bugawar zuciyar duk suna cikin lissafi. A gida a rage masa man shanu da kitsen tsire, a ƙara wake, zogale da kifi.