Suna Biyu a Takardar Kakannin Matarka

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kun ga an rubuta "Hudon dit Beaulieu" a wata tsohuwar takardar kakannin matarka, har kana tambaya ko laifi mutumin ya yi ya sauya suna, kuma wanne ne na gaskiya da za ku gaya wa yaro in ya girma. Na yi murmushi, amma ban ji daɗin yadda ka fara da zato ba. Kada surukanka su ji wannan daga bakinka.

"Dit" a Faransanci "wanda ake ce wa" ne. Laƙabi ne da ya bi jini. Iyayenmu kan ce suna linzami ne, to mutanen Kebek, yankin masu jin Faransanci a Kanada, linzami biyu suka sa wa doki ɗaya.

A shekarar 1665 Sarkin Faransa Luwi na 14 ya aika da rundunar Carignan-Salières, soja kusan 1,200, zuwa Kebek don yaƙar Irokwa, wasu ƙabilun asalin yankin. A lokacin duk Faransawan ƙasar ba su fi 3,000 da 'yan kai ba. Al'adar soja ce kurtu ya samu sunan yaƙi ranar da aka rubuta shi: Lafleur, wato fure, Jolicoeur, mai kyan zuciya, Sanschagrin, marar baƙin ciki, Tranchemontagne, mai tsaga dutse. Da waɗannan sunaye aka fita da su a Janairun 1666, cikin tsananin sanyi, samarin da ba su saba da faffaɗan takalmin tafiya kan ƙanƙara ba, kowa da guzurinsa a baya. Sanyi da yunwa sun kashe da yawa. Da aka janye rundunar a 1668, kimanin 400 suka zauna, aka ba su gonaki, da dama suka auri 'yan matan da sarki ya yi wa kuɗin jirgi, su wajen 800 tsakanin 1663 da 1673. 'Ya'yansu suka gaji sunayen biyu.

Ba duka ne na soja ba. Wani garinsu ne, wani sana'arsa, wani don a bambanta gidaje masu suna ɗaya a ƙauye. Pierre Hudon, wanda ake ce wa Beaulieu, ya auri Marie Gobeil a Kebek a 1676, suka zauna a ƙauyen Rivière-Ouelle. Yau jikokinsa wasu Hudon ne, wasu Beaulieu, domin daga tsakiyar ƙarni na 19 gidaje suka riƙa zaɓar ɗaya su saki ɗaya.

In za ku bi salsalar, ku fara da takardar auren kakanta, ku riƙa hawa aure bayan aure, don rajistar coci kan ambaci iyayen ango da na amarya. Ku riƙe sunan uwa da kyau: a rajistar nan mace tana nan da sunan gidan ubanta har ta mutu, shi ne zai raba muku maza biyu masu suna ɗaya. Kowane mutum ku neme shi da sunayen biyu, da rubutu iri-iri, domin limamin coci yakan rubuta abin da kunnensa ya ji. Inda ake tuntuɓe shi ne Joseph da Marie. An sa su gaban sunan yara da yawa ranar baftisma, ba da su ake kira a gida ba. Kuma in yaro ya rasu akan maida sunansa ga ƙaninsa, sai ku duba shekarar binnewa. Reshen da ya tafi masaƙun Amurka kuwa, Roy ya koma King, Boisvert ya koma Greenwood.

Ku yaran yanzu, sai ku buga suna sau ɗaya a intanet ku kwafi bishiyar da wani ya haɗa. Ku duba PRDH, rumbun bayanan tsofaffin rajistocin Kebek na Jami'ar Montreal, da hotunan rajista na cibiyar salsala ta Drouin, ku ga rubutun da idonku. Ƙamus ɗin salsala na Tanguay, mai juzu'i 7, yana da amfani amma akwai kurakurai a ciki. Kafin duk wannan, ka kai matarka wajen tsofaffin gidansu, ku zauna ku tambaya. Ka gaishe ta, ka shafa mini kan yaron.