Ɗaya Daga Cikin Tagwayen Ƙanwata Ya Rasu

Tambaya: Anti, ƙanwata ta haifi tagwaye, Hassan ya rasu bayan suna. Masu zuwa ta'aziyya suna ce mata ai an bar mata Usaini, ita kuwa kullum kuka take yi. Yaya zan taimake ta?

Amsa: Allah ya ba ku haƙuri, ya raya Usaini. Wannan magana, ko da an faɗe ta da kyakkyawar niyya, tana ƙara mata ciwo, domin duk lokacin da ta shayar da Usaini, Hassan take tunawa. Ki bar ta ta ambaci sunansa, ki riƙa karɓar mata raino domin ta samu barci. Idan ta shafe mako biyu ba ta iya cin abinci ko kula da jaririn, ku kai ta asibiti, domin damuwar bayan haihuwa tana da magani.