Amsa ga mai tambaya kan 'yan Rusyn na Yukren

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka ga bidiyo ana cewa 'yan Rusyn 'yan Rasha ne da gwamnatin Yukren ta hana su yarensu, kana so ka san ko gaskiya ne. To ni a Uzhhorod na yi karatu, babban birnin jihar Zakarpattia can ƙuryar yamma kan iyakar Sulobakiya, kuma a gidan 'yan asalin wurin na yi haya, bari in gaya maka abin da na gani.

Ba 'yan Rasha ba ne sam, kamannin suna ne ke rikita mutane. Yankin nan ɗaruruwan shekaru yana hannun Hungari, a 1919 aka haɗa shi da Chekosulobakiya, a watan Maris na 1939 aka ayyana 'yancin kai a garin Khust amma nan take sojojin Hungari suka mamaye, sai a 1945 ne Sobiyet ta karɓe shi, ta rubuta mutanen a matsayin 'yan Yukren, sunan Rusyn ya ɓace daga takardu, cocinsu na Katolikan Girka ma aka haramta shi a 1949.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne gidan da na zauna. Tsohuwar mai gidan in tana hira da maƙwabciyarta wallahi da ƙyar nake tsintar rabin maganar duk da na iya Yukreniyanci daidai gwargwado, kalmomin Hungari da na Sulobakiya ko'ina a ciki. Ɗanta kuwa in ka tambaye shi sai ya ce su 'yan Yukren ne, waccan maganar ƙauye ce kawai, ƙanenta kuma da yake zuwa ranar Lahadi bayan coci ransa ɓaci yake in ya ji haka, ya ce shi ɗan Rusyn ne kamar ubansa da kakansa kuma babu wanda ya isa ya canza masa suna daga Kyiv, babban birnin ƙasar. Tukunya ɗaya suke ci, yare ɗaya suke yi a kicin, kuma kowannensu da gaske yake. Ita tsohuwar in gardamar ta yi zafi cewa take su dai mutanen nan ne, a ci abinci.

A ƙidayar 2001 mutum kusan dubu 10 ne kawai suka rubuta kansu Rusyn a jihar, sama da miliyan ɗaya suka ce 'yan Yukren ne. Amma tsallaka iyaka kaɗan ka ga bambanci, Sulobakiya ta amince da su a matsayin al'umma mai zaman kanta, an daidaita rubutun yaren a 1995, ana koyar da shi a jami'ar Presov, kuma a ƙidayar 2021 sama da mutum dubu 60 suka zaɓi sunan a matsayi na farko ko na biyu. A Vojvodina ta Sabiya ma yana cikin harsunan hukuma. Majalisar jihar Zakarpattia ta amince da su a 2007, Kyiv kuwa har yau reshen 'yan Yukren take kallonsu, yaren kuma karin harshe.

Ni a ganina Kyiv ba ta kyauta ba a nan, kuma abin yana min zafi don irin wannan maganar aka yi wa 'yan Yukren su ma, a 1863 ministan sarkin Rasha Valuev ya hana buga yawancin littattafai da Yukreniyanci bisa hujjar cewa ba harshe ba ne. Wanda ya ɗanɗana wannan bai kamata ya yi wa wani ba. Sai dai tsoron da Kyiv take ji ma ba na banza ba ne, a 2008 wani limamin cocin Otodoks mai bin Mosko, Dimitry Sydor, ya jagoranci taron neman ɓallewa da sunan Rusyn, kafofin Rasha suka yi ta kururuta shi, tun daga nan talaka mai son yaren kakarsa kawai ake masa kallon ɗan a-ware. Irin bidiyon da ka gani su suke ƙara jawo musu wannan zargi, alhali 'ya'yansu da yawa suna yaƙi a birged ta 128 ta sojojin Yukren da ke garin Mukachevo na jihar.

Kuma don Allah mu na waje mu daina auna mutum da yaren bakinsa. A 2022 na ga mutanen Kharkiv, birnin da ke gabashin Yukren kusa da iyakar Rasha, sun cika tashar jirgin ƙasa ta Uzhhorod, Rashanci suke yi da 'ya'yansu, bama-baman Rasha ne suka koro su, wasunsu da gangan suka koma Yukreniyanci suna yi suna tuntuɓe. Ai mun san Bafillacen Sakkwato da ba ya jin Fulatanci ko kalma ɗaya, kuma ba ka isa ka ce masa ba Bafillace ba ne.

Batun hana yare kuwa, ba wanda na ga an kama don ya yi Rusyn a kasuwa ko a gida, ana waƙa da shi, ana buga littattafai. Abin da ƙanen tsohuwar yake kuka a kai shi ne babu shi a makarantun gwamnati, jikokinsa suna ji amma ba su iya rubutawa ba, in sun amsa masa ma da Yukreniyanci suke amsawa.