Me ya sa dalmar sababbin wayoyi ba ta narkewa da sauƙi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai gyaran rediyo ne a Garwa, kwanan nan na fara karɓar gyaran waya. A rediyo da na ɗora ƙarfen liƙi sai dalma ta narke, amma a fanel ɗin waya, wato allon da ke ɗauke da kayan cikinta, sai ta ƙi, idan kuma na ƙara wuta sai layin jan ƙarfe ya ɗago ya tsinke. Ƙarfena ne ba shi da kyau?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Da wuya laifin ya kasance na ƙarfenku, domin abin liƙin ne da kansa ya canza. Tsofaffin rediyoyi an liƙe su da haɗin kuza kashi 63 da dalma kashi 37, wanda yake narkewa a digiri 183 na ma'aunin Salsiyas. Daga 1 ga Yulin 2006 dokar Tarayyar Turai mai suna RoHS ta taƙaita amfani da dalma a kayan lantarki, kuma da yake masana'antun Sin da sauran ƙasashe suna son kasuwar Turai, sai yawancinsu suka koma haɗin kuza kashi 96.5, azurfa kashi 3, jan ƙarfe rabin kashi, wanda sai ya kai kimanin digiri 217 yake fara narkewa.

Abu na biyu shi ne ginin fanel ɗin. Na rediyo galibi fuska ɗaya ce ke ɗauke da layuka, amma na waya hawa-hawa ne, sau da yawa takwas ko fiye, kuma a cikinsa akwai shimfiɗun jan ƙarfe masu faɗi waɗanda suke zuƙe zafi kamar yadda rairayin Binuwai yake shanye ruwa. Saboda haka bakin ƙarfe yana iya ƙona wuri guda alhali abin liƙin bai ji komai ba. Layin da kuke gani kauri nasa bai wuce kusan maikron 35 ba (maikron dubu ne ke yin milimita ɗaya), a waya ma yakan gaza haka, kuma abin da ya riƙe shi a jikin allon yana yin laushi idan zafi ya daɗe, shi ya sa da kun ɗan ja sai ya biyo ƙarfen.

Shawarata ita ce ku daina neman mafita a ƙarin wuta. Ku fara ɗumama fanel ɗin gaba ɗaya a hankali da injin iska mai zafi har ya kai wajen digiri 100, ku shafa man liƙi isasshe, wato man da ke taimaka wa abin liƙi ya kama ƙarfe, sannan ku narka ɗan haɗin 63/37 a kan tsohon liƙin, domin gaurayuwarsu tana sauko da zafin narkewa. Ƙarfe mai faɗin baki da aka saita tsakanin digiri 320 zuwa 350 ya fi mai tsinin allura aiki, ko da yake masu koyo sun fi sha'awar mai tsinin. Kada ku ɗaga wani abu sai kun ga liƙin ya yi sheƙi ya kwanta, kuma idan kun gama ku goge ragowar man da sinadarin isofurofil, don ƙurar hunturu tana manne masa, da damina kuma ta jawo laima.

Tun da za ku riƙa taɓa dalma, ku wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, kada ku riƙe zarenta da haƙori, kada kuma yara su yi wasa a ƙarƙashin teburin aiki. Gubar dalma ce ta hallaka yara kimanin 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010, kuma ƙananan yara ne ta fi yi wa illa ko da kaɗan ce.